Soja ya shiga ƙasar wasu, wa ke da ikon cewa lokacin fita ya yi?

Tsohon Saje

Assalamu alaikum. Ɗana ne ke buga mini wannan a waya, ina faɗa yana rubutawa, saboda haka in kun ga kuskure shi za ku kama.

Da shi ma muka yi gardamar. Jiya bayan isha'i muna zaune a ƙofar gida ana jin labarun duniya, sai ya ce a ganinsa duk sojan da ya taka ƙasar da ba tasa ba, ranar da aka gane haka ranar ya kamata ya naɗe tabarmarsa, babu zama, babu wata yarjejeniya. Na ce masa kai yaro ne, ba ka taɓa sauke tuta ba. Ya ce to mu kawo maganar nan a raba mana.

Ni dai na taɓa sauke tuta. Shekara 32 na yi cikin kaki, na bar aiki ina saje, kuma sau biyu ana tura ni Bakassi: a 1996, lokacin da ake musayar wuta da sojojin Kamaru, sai kuma 2005 har zuwa ranar da muka fito. Ga wanda ya tashi a Zariya irina, wurin nan wata duniya ce. Ba tudu ba ne, ba kuma ruwa ba. Itatuwa ne da saiwoyinsu a tsaye cikin taɓo kamar ƙafafun gizo-gizo, da ƙananan hanyoyin ruwa da duk kama ɗaya suke. Sau biyu a rana ruwa ke cika ya janye. In ya janye kana tsakiyar hanya, jirginka ya zauna a kan laka, sai ka yi awanni kana jira sauro na cin rabonsa. Takalmi ba ya bushewa. Bindiga in ta kwana biyu ba ka shafa mata mai ba, tsatsa ta kama ta.

A wajenmu ba mamaya muke yi ba, gida muke tsaro. Mutanen wurin yawanci Efik ne da Ibibiyo, naira suke kashewa, har ƙaramar hukuma gare su a jihar Kuros Riba. Sai ranar 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya ta ce ƙasar ta Kamaru ce, bisa wata yarjejeniya da Ingila da Jamus suka ƙulla tun 1913. Muka kwana muna masu gida, muka wayi gari baƙi da bindiga a gonar wani. Amma ba mu fita a 2002 ba. An sa rana a watan Satumbar 2004, ta zo ta wuce muna nan. Sai 12 ga Yuni 2006 Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a Greentree, can Amurka, a gaban Kofi Annan, aka ba mu kwana 60. Ranar 14 ga Agusta aka yi fareti a Archibong, tutarmu ta sauka, tasu ta hau.

Ba tutar ce ta tsaya mini a rai ba. Akwai wani masunci da muke kira Baba Ruwa, don sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshenmu. Shi ke zama a goshin jirgi in za mu sintiri. Zai dubi inda jiƙa ta tsaya a saiwar itace ya ce ku juya, ruwa zai gudu, kuma haka za a yi. Matarsa ke gasa kifi da jatan lande, yaranmu na cin bashi sai albashi ya shigo, tana da wani littafin 'yan makaranta mai layi-layi da take rubuta kowa a ciki. Da oda ta zo, abin da na iya yi kawai shi ne na jera yaran a gaban rumfarta, na karɓi littafin, ina kira ana biya. Wani kofur ana binsa naira 1,800, ya ce sai ya dawo. Na ce ka dawo ina? Na biya daga aljihuna, na ce zan fanshe a jikinsa. Aka share littafi tas.

Baba Ruwa yana tsaye yana kallo. Da muka gama ya ja ni gefe, shi da gurɓataccen Turancinsa ni da nawa, ya ce kowa a ƙauyen nan ya san shi ke nuna mana hanya, jandarmomin Kamaru ma sun sani. To shi an rubuta shi a takardar da manya suka sa wa hannu?

Na ce an rubuta. Kuma ba ƙarya na yi masa ba, don takardar ta ce ba za a kori kowa ba, ba za a tilasta wa kowa canza ƙasa ba, ba za a hana su kamun kifi ba. Amma ni na san takarda ba ta shiga kwale-kwale.

Ga tambayar: wa ke da ikon cewa lokaci ya yi, kotu ko mai ƙasa ko wanda ke riƙe da bindiga? Kusan shekara huɗun da muka ƙara bayan hukunci, taurin kai ne ko hankali? Da mun fita washegari yadda ɗana ke so, da irin su Baba Ruwa sun fi samun sauƙi, ko sun fi shan wuya?

Malamin Tarihi

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara girma, Saje, ya kuma saka maka da biyan bashin matar nan.

Ni abin da na lura da shi a karatuna da abin da nake koya wa ɗalibai, kotu ba ta fitar da soja. Tsani take kafa wa wanda ya riga ya gaji da zaman sama, don ya sauko ba tare da an yi masa dariya ba. Dubi maƙwabtanmu. Libiya ta shiga zirin Awuzu a arewacin Chadi a 1973. A 1987 sojojin Chadi a kan motocin Toyota suka yi mata kaca-kaca a Fada da Wadi Dum, ga kuma takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya ya hau kanta daga 1992. Da Kotun Duniya ta yanke hukunci a watan Fabrairun 1994 cewa zirin na Chadi ne, kafin ƙarshen Mayu Gaddafi ya kwashe mutanensa, masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya suna kallo. Wata huɗu bai cika ba. Amma fa Awuzu hamada ce, mutanenta kaɗan ne. Bakassi cike take da jama'a, ga maganar man fetur, ga 'yan siyasa da za su koma gida neman ƙuri'a. Ba nauyinsu ɗaya ba.

Maganar yadda ake fita kuwa, Afghanistan ta ishe mu misali, tunda sau biyu aka yi a idonmu. Tarayyar Sobiyet ta sa hannu a Janiba a watan Afrilun 1988, ta fara janyewa 15 ga Mayu, sojanta na ƙarshe ya haye gada ranar 15 ga Fabrairu 1989. Kowa ya ce gwamnatin Najibullah da Sobiyet ta bari a Kabul ba za ta ga damina ba. Mujahidai suka afka wa Jalalabad a watan Maris, aka kora su. Mutumin nan sai da ya ƙara shekara uku a Kabul, saboda Mosko ta fitar da sojanta amma ba ta rufe famfo ba: man fetur, alkama, makamai, duk suna zuwa. Da Sobiyet ɗin kanta ta rushe, tallafi ya tsaya a farkon 1992, a watan Afrilu ya faɗi.

Amurka kuwa a Doha ta zauna da Taliban, 29 ga Fabrairu 2020, gwamnatin Kabul ba ta a teburin. Aka yanke ranar fita, aka yi alkawarin sakin fursunonin Taliban 5,000 waɗanda ba a hannun Amurka suke ba, a hannun wanda ba a gayyata ba suke. Ka sa kanka a matsayin wani ƙaramin kwamanda a ƙauye, Saje. Ka ji uban gidanka ya shirya da abokin gabarka a bayan idonka, an faɗi rana, 'yan kwangilar da ke gyara jiragen da za su kawo maka ɗauki suna haɗa kaya. Me za ka yi? Kai ma sai ka nemi naka sulhun. Haka gundumomi suka riƙa faɗuwa, da yawa ba a harba ko harsashi ba. An bar sansanin Bagram da dare a farkon Yuli 2021, Kabul ta faɗi 15 ga Agusta, jirgin Amurka na ƙarshe bai tashi ba sai 30 ga wata. Ginin shekara 20 bai ma jira magina sun gama fita ba.

Saboda haka ni ba na ganin jinkirinku taurin kai ne zalla. Greentree hawa-hawa aka tsara ta: soja ya fara fita, 'yan sanda da ma'aikatan Najeriya suka ƙara shekara biyu a wani yanki har 14 ga Agusta 2008, sannan aka ba da wasu shekara biyar na sassauci har 2013. Ƙasashen biyu ba su gwabza yaƙi ba, kuma da Boko Haram ta taso sai ga sojojinsu a rundunar haɗin gwiwa guda. Da an rabu da jini da wuya hakan ta yiwu.

Inda ta yi rauni shi ne wurin da kai ka sa yatsa. Ba a tambayi mutanen Bakassi ba. Majalisar Dattawa ma sai a watan Nuwambar 2007 ta tashi tana cewa ba a kawo mata yarjejeniyar ba, bayan soja ya daɗe da fita. Kuma zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Faransa ta bar Aljeriya a 1962, 'yan ƙasar da suka yi mata aikin soja aka kashe su da dubbai. Isra'ila ta fice daga kudancin Lebanon a watan Mayun 2000, rundunar 'yan ƙasar da ke mara mata baya ta watse cikin kwanaki, dubbai suka bi ta a guje da iyalansu. Mai nuna hanya shi ake mantawa, domin a ranar sa hannu ba shi da kujera.

Ɗan Yamai

Baba Saje barka da hutawa. A yi mini afuwa, ni dai ina bayan ɗanka.

Malam ya yi bayani mai kyau, amma duk daga bakin baƙo ya yi shi: yaushe ya gaji, yaushe ya sami tsani. Mai ɗaki fa? Baƙon da ka tambaya ko lokacin tafiyarsa ya yi, kullum amsarsa ɗaya ce, wai in ya tafi yanzu gidan zai rushe. Shekara goma ma ka dawo, haka zai ce.

Na san za a ce namu na Nijar ba mamaya ba ce, gwamnati ce ta kira sojojin Faransa da takarda. Na yarda. Amma ranar 3 ga Agusta 2023 hukumomin soja suka soke takardun, Faransa ta ce ita ba ta san da su ba, ba za ta motsa ba. Daga ranar nan me za ka kira zamanta? Ni da kaina na yi kwanaki a shataletalen Eskadiri, gaban sansaninsu. Shayi nake sayarwa, sai na kwashe tebur da butoci na koma can. Ruwan sama ya dake mu, mu matse tabarmi mu sake shimfiɗawa. Akwai wata tsohuwa da ke zuwa kullum da ƙwaryar fura, ba ta karɓar ko dala. Ba wanda ya biya ni. Abin da ya faru a Tera a watan Nuwambar 2021, da aka tare ayarinsu aka rasa rayukan matasa, bai fita daga ranmu ba.

Ranar 24 ga Satumba Macron ya ce za su tafi. Soja kusan 1,500, da motoci da kaya, hanyar tashar Kwatano a rufe, sai suka bi ta ƙasa har Injamena, tafiyar fiye da kilomita 1,500. Ranar 22 ga Disamba na ƙarshensu ya tashi. Wata uku. Ashe in an ga dama ana iyawa. Amurka ma da aka soke tata yarjejeniyar a watan Maris 2024, aka zauna aka sa 15 ga Satumba, sansanin Agadas da ta kashe wa fiye da dala miliyan 100 tun 5 ga Agusta ta miƙa shi. Ba a yi ko faɗa ba.

Ba zan ɓoye ba, akwai waɗanda abin ya taɓa. Ɗan ƙanen babana wanki da guga yake yi a sansanin Agadas, albashinsa ke riƙe da gidansu, yanzu yana can wajen haƙar zinariya, sai a yi wata ba a ji muryarsa ba. Tilaberi ma har yau ba ta kwanta ba. Amma lokacin da aka kashe mana soja 71 a Inates a Disambar 2019, da 89 a Cinagodar bayan wata guda, baƙin suna nan da jiragensu. Don haka kar a ce mini a ƙara musu lokaci. A zauna a tsara fita, na yarda. Amma ranar, mai gida ke yanke ta.

Hajiya Mai Banda

Sannunku. Ku maza kuna ta maganar tuta da ranar wata, bari in gaya muku yadda abin yake ga wanda aka tafi aka bari.

Hukuncin nan na 2002 ba Bakassi kaɗai ya shafa ba. Mu ma a Tafkin Chadi ya ci mu. A Darak nake zaune lokacin, mijina masunci, ni ina yin banda ina ɗaurawa a kwali, a sauke a Gamboru a wuce da shi Tashar Baga a Maiduguri. Garin cike yake da Hausawa da Barebari da Shuwa, mu dai mun san Barno muke. A watan Disambar 2003 aka miƙa mu da ƙauyuka fiye da 30 ga Kamaru. Kun ga mu an yi mana da wuri, Malam Saje, kusan yadda ɗanka ke so.

Ba soja kaɗai ya tafi ba. Malaman makaranta sun bi shi. Mai yi mana allura ya bi shi, ya bar ɗakin shan magani da kwado a ƙofa, ba wanda ya san inda mabuɗin yake. Ina da ciki wata bakwai a lokacin. Na je na tsaya ina leƙawa ta taga, ga gadon nan, ga ma'auni, ga kwalayen magani a kan kanta ina ganinsu. Yarana biyu sun kai aji uku da Turancin Ingilishi, da aka sake buɗe makaranta sai Faransanci, suka koma kamar ba su taɓa riƙe alli ba. Kwalin kifin da jiya kayan gida ne, yau ya zama kayan ƙetare, a biya can a biya nan.

Don Allah ba zan yi wa jandarmomin ƙarya ba, ni ba wanda ya taɓa ni. Babbansu ma yana jin Larabcin Shuwa, da shi muke fahimtar juna. Amma an zaɓi lokacin da tafki ya cika, kifi ya shigo, kowa ya ci bashin koma da man inji. Wa zai bar kakarsa ya tashi? Wa kuma zai zauna hankali kwance bai san dokar gobe ba? Da an tara mu ƙarƙashin bishiya an tambaya, ko yaro zai ce a bari kakar kifi ta wuce.

Ɗan Yamai ya ce mai gida ke yanke rana. To ɗana, mu a wannan lissafin su wane ne? Yawunde ta ce gidanta ne, Abuja ta ce ta yarda. Mu da muka cika garin ba mu ne masu gida ba, ba mu ne baƙin da ke da motar tafiya ba. Ni abin da na roƙa bai fi a kira mutum biyu a ƙofar ɗakin maganin nan ba, mai tafiya da mai zuwa, wannan ya ba wannan mabuɗi a gabanmu. Shekara biyu muka ƙara, muka sayar da jirgi muka dawo.

Tsohon Saje

Na gode muku duka. Ɗana sai murmushi yake tun da ya karanta mini na Ɗan Yamai, da ya kai na Hajiya kuwa ya yi shiru.

Ɗan Yamai, ɗana, na ba ka rabin gaskiya. A 2004 da ranar fita ta wuce, mu ma cewa muka yi in mun tafi mutanen nan sun shiga uku. Gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Akwai alawus, akwai kuma kunyar a ce an kore ka daga inda ka binne abokanka. Ni na binne biyu a 1996. Soja ba zai taɓa gaya maka da bakinsa cewa lokaci ya yi ba, kar ma ka tambaye shi.

Malam, hawa-hawan nan da ka yaba, a takarda ya fi kyau. Mu mun ƙirga harsashi, mun ƙirga jarkoki, har tukwanen girki sai da aka sa hannu a kansu. Kwana 60 ɗin nan ban ga wanda ya zo da takarda yana rubuta sunayen masu ja mana jirgi ba. Kusan shekara huɗu muna da labarin za mu fita, kuma lissafin da bai fi aikin yini biyu ba, ba a yi shi ba.

Hajiya, maganar mabuɗin nan ta dake ni, don ni ma na kulle wani ɗaki na sa mabuɗin a aljihu, sai a Kalaba na tuna da shi.

Baba Ruwa kuwa na rubuta masa lambata a bayan littafin bashin matarsa. Ya kira sau ɗaya, ƙarshen 2008, daga Ikang inda aka tsugunar da waɗanda suka baro. Ya ce ga shi a tudu, jirginsa na can, yana neman kuɗin koma. Na tura masa naira 5,000 ta hannun wani direba. Ban sake jinsa ba. Layin yana cikin wata tsohuwar Nokia a ɗakina, yaron nan ne ke sa masa kati lokaci-lokaci don kada kamfani ya rufe shi.